Tsara Manazarta: Waƙafi, Aya da Amanar da Ke Bayansu

A shekarar 2017 wani farfesan ƙididdiga ɗan ƙasar Holan, Pieter Kroonenberg, ya ci karo da wata maƙala wadda rumbun Web of Science, mai ƙirga yawan ambaton da ake yi wa maƙalun ilimi, ya nuna an kafa hujja da ita kusan sau 400. Ga sunayen marubuta uku, ga shekara, ga sunan mujalla a taƙaice, ga lambar kundi da lambobin shafi, komai ya zauna daram. Abu ɗaya ne kawai ya rage: ba a taɓa rubuta maƙalar ba. Kamfanin ɗab'i na Elsevier ne ya ƙirƙire ta a matsayin misali a cikin jagorar da yake ba marubuta, don su ga yadda ake jera manazarta. Anne-Wil Harzing, wadda ta bi diddigin lamarin, ta gano cewa akasarin waɗanda suka ambaci wannan ƙanzon kurege masu takardun taruka ne, waɗanda suka zuba rubutunsu a cikin samfurin da aka ba su suka bar misalin ba su goge ba. Takardun sun bi ta hannun editoci, na'ura ta ƙirga su, babu wanda ya tsaya, domin a ido madogarar ba ta da aibi ko ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tura maƙala mujallar ilimi ya san inda hankali yake tafiya a daren ƙarshe. Waƙafi ne a nan ko aya? Shekara tana cikin baka biyu ko a waje? Sunan mujalla ne zai sha rubutun tsutsa ko taken maƙalar? Waɗannan abubuwa suna da amfaninsu, za mu kuma zo kansu, amma su ne ɓangaren aikin mafi arha. Mai tsadar shi ne tambayoyi uku da kowace madogara take ɗauke da su. Abin nan akwai shi? Mai karatu zai same shi da bayanin da ka ba shi? In ya same shi, zai tarar ya faɗi abin da ka ce ya faɗa? Malaman hadisi sun daɗe da gane nauyin wannan. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi ɓangare ne na addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Jerin manazarta shi ne isnadin maƙala, kuma isnadi yana iya zama mai daɗin ji alhali ya yanke a tsakiya.

Aikin gida biyu ne. Akwai gajeriyar alamar da ake sawa a cikin jimla, daidai inda aka aro magana ko ra'ayi ko adadi. Akwai kuma cikakken bayani a ƙarshen maƙala. Ƙa'idar da kusan dukkan mujallu suka haɗu a kanta ita ce kowace alama ta cikin rubutu tana da layinta a ƙarshe, kowane layi na ƙarshe kuma an ambace shi a cikin rubutu. Littafin da ka karanta ya burge ka amma ba ka ambace shi ba, ba shi da gurbi a jerin. Togaciyar da aka fi sani ita ce maganar da wani ya faɗa maka baki da baki ko ta wasiƙa: a tsarin APA, ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren jera manazarta, ana ambaton ta cikin rubutu da sunan mai maganar da kwanan wata, ba a saka ta a jeri, tunda mai karatu ba shi da inda zai je ya duba ta. Wannan daidaito yana da sauƙin faɗi, amma gyara ne yake rusa shi. Mai bita ya ce a cire sakin layi biyu, ka cire, madogara huɗu suka zama marayu a ƙarshe. Ka ƙara jimla ɗaya don amsa suka, ka ambaci wani, ka manta ba ka sa shi a jeri ba. Yawancin kurakuran da editoci suke dawowa da su a nan aka haife su, a zagaye na biyu ko na uku, ba a rubutun farko ba.

Tsare-tsaren da ake da su sun kai dubbai in aka ƙirga ɗan bambancin da kowace mujalla take ƙarawa, amma gidajensu uku ne. Abin da ya kamata marubuci ya gane shi ne ba son rai ne ya raba su ba. Kowane fanni ya zaɓi abin da yake so mai karatu ya gani ba tare da ya ɗaga ido daga jimla ba.

Gida na farko shi ne suna da shekara, kamar (Wane, 2019). Galibi ana jingina asalinsa ga Edward Laurens Mark, masanin dabbobi a Jami'ar Harvard, wanda ya yi amfani da shi a wata maƙala ta 1881 a kan yadda ƙwan wani nau'in dodon koɗi yake girma. Daga nan sunan "tsarin Harvard" ya samo asali. A nan akwai tarko: Jami'ar Harvard ba ta da wani littafin ƙa'ida na wannan tsari. Saboda haka in mujalla ta ce a bi Harvard, ba ta gama magana ba tukuna, sai ka duba misalanta, domin Harvard ɗin wannan mujalla ba lallai ya zama na waccan ba. Wanda yake da hukuma a bayansa a wannan gida shi ne APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Ya fara ne da 'yan shafuka a mujallar Psychological Bulletin a 1929, ya zama littafi a 1952, bugu na bakwai kuma ya fito a ƙarshen 2019. Me ya sa shekara take gaba-gaba haka? Domin a ilimin halayya da zamantakewa da tarbiyya, shekarun bincike wani ɓangare ne na hujja. Mai karatu yana so ya san nan take ko binciken da ka dogara da shi na jiya ne ko na shekaru 40 da suka wuce, kuma ko wane ne ya yi shi. Farashin da ake biya shi ne cunkoso: jimla ɗaya mai madogara shida takan koma tarin sunaye har a manta daga ina ta taso.

Gida na biyu lamba ce kawai, ko a sama da layi ko a cikin baka. A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na Kanada don su daidaita abin da suke nema daga marubuta. Wannan zama shi ya haifar da kwamitin editocin mujallun likitanci na ƙasa da ƙasa (ICMJE) da tsarin da ake kira Vancouver. Injiniyoyi suna da nasu, na IEEE, mai lamba a cikin baka mai kusurwa. A nan ana jera manazarta bisa yadda suka fara bayyana a cikin rubutu, ba bisa abacada ba, kuma madogara tana riƙe da lambarta ko sau nawa aka koma mata. Likita mai karanta rahoton gwajin magani ba ya buƙatar sunaye su tare masa hanya, kuma lambobi 4 zuwa 11 sun fi sunaye takwas arhar wuri. Illarsa ita ce yana ɓoye abu: mai karatu ba zai gane cewa lambobi shida da ka jera duk aikinka ne ba sai ya juya baya. Ga kuma wahalar gyara da hannu, domin madogara ɗaya da aka cusa a shafi na biyu tana ture lambar duk waɗanda ke bayanta.

Gida na uku shi ne bayanin ƙasan shafi, gidan masana tarihi da shari'a da addini. Jagoransa littafin ƙa'idar Chicago, wanda maɗaba'ar jami'ar birnin ta fara fitarwa a 1906, ya kai bugu na 18 a 2024, kodayake shi ma yana da reshen suna da shekara ga masu so. Masanin tarihi yana aiki da abubuwan da ba sa shiga baka biyu: wasiƙa a akwati na kaza, fayil na kaza, a gidan adana tarihi na kaza, wadda ba ta da take, wani lokaci ma ba ta da kwanan wata. Yana kuma so ya ce wani abu game da madogarar kanta, cewa marubucinta yana da gaba da wanda yake ba da labarinsa, misali. Ƙasan shafi ne kaɗai yake ba shi wannan fili. Masana adabi kuwa suna da MLA, mai suna da lambar shafi ba shekara, domin ga mai nazarin waƙa ko ƙagaggen labari, layin da maganar take shi ne abin nema. Akwai ma ayyukan da ba a ambatonsu da shafi ko kaɗan saboda bugu-bugunsu sun yi yawa: littattafan addini ana ambatonsu da sura da aya, Aflatun da lambobin bugun Stephanus na 1578, Aristo da lambobin bugun Bekker na 1831, don mai kowace fassara ya sauka a wuri ɗaya.

Ko wane gida aka shiga, layin da ke ƙarshe tambaya huɗu yake amsawa: wa ya rubuta, yaushe, me ya rubuta, a ina za a same shi. Mu ɗauki maƙala ɗaya mu gani. A APA za ta fito kamar haka: Wane, A. B., & Wance, C. (2019). Taken maƙala. Cikakken Sunan Mujalla, 12(3), 45–60, sai lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala don a same ta a intanet. Sunan mujalla da lambar kundi, wato 12, suna cikin rubutun tsutsa, amma lambar fitowa da ke cikin baka, wato 3, a miƙe take. Taken maƙalar harafin farko ne kawai babba, sai sunayen yanka da abin da ya biyo bayan ruwa biyu. A Vancouver wannan maƙala ɗin dai za ta koma: Wane AB, Wance C. Taken maƙala. Taƙaitaccen sunan mujalla. 2019;12(3):45-60. An share ayoyin da ke bayan haruffan suna, shekara ta koma baya, sunan mujalla kuma ba kai za ka taƙaita shi yadda ka ga dama ba, akwai jerin da Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya tanada wanda ake bi. Bayanin duka ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta. Wanda ya tara bayanin a cike tun ranar da ya karanta abin, sauya tsari ba ya ba shi tsoro. Wanda ya rubuta suna da shekara kawai a gefen takarda da niyyar zai cike daga baya, shi ne yake kwana neman lambar shafi.

Yawan marubuta ma kowa da iyakarsa. APA ta yanzu ta ce in marubuta sun kai uku, a cikin rubutu a ambaci na farko a bi shi da "et al.", wato "da sauransu", tun daga karon farko, a jeri kuma a rubuta har mutum 20. Bugu na shida kuwa a kan marubuta bakwai ya tsaya, kuma yana neman garin da aka buga littafi, abin da na bakwai ya yar. Wanda ya koyi APA shekaru goma da suka wuce ya ci gaba da abin da ya sani, yau kuskure yake yi da cikakken natsuwa. Mujallun likitanci da yawa shida suke rubutawa su rufe. Dole ne a yi iyaka ko ta yaya: wata maƙalar fiziks a kan ƙwayar Higgs da ta fito a 2015 tana da marubuta 5,154.

Inda na ga tsare-tsaren nan suna ɗingishi shi ne sunayen mutane. An gina su ne bisa zaton kowa yana da sunan dangi guda ɗaya a ƙarshe, wanda ba ya sauyawa. Duniya ba haka take ba. 'Yan Sin da Koriya da Hungary sunan dangi suke fara kawowa. Masu jin Sifaniyanci sukan ɗauki sunan dangi biyu, na uba da na uwa, rumbun bayanai kuma ya yanke ɗaya ya ajiye ɗaya. Akwai 'yan Indonesiya masu suna tilo. Akwai "van der" na mutanen Holan da "al-" na Larabawa, waɗanda wata mujallar take ƙirga su wajen jerin abacada wata kuma ta tsallake. A al'ummomi da yawa abin da ke biye da sunan mutum sunan mahaifinsa ne, yau ya sa hannu da wannan gobe da wancan. Shawarar da ta fi tsira ita ce ka rubuta sunan yadda mai shi ya sa a kan aikin da kake ambato, har da ɗigo da lanƙwasar haruffansa, kada ka gyara masa. Kai kuma a matsayinka na marubuci, ka zaɓi siga ɗaya ta sunanka ka dawwama a kanta. Don magance wannan ruɗani aka buɗe ORCID a 2012, lamba mai gurbi 16 da take bin mai bincike ko sunansa ya sauya.

Yanzu ga dalilin da ya sa waƙafi da aya suka wuce ado. Mutum ba shi kaɗai yake karanta jerin manazarta ba, na'ura ma tana karantawa, ita kuma ba ta da uzuri. Tun 1955 Eugene Garfield ya kawo shawarar a riƙa tattara wanda ya ambaci wa, a 1964 ya fitar da Science Citation Index. Scopus da Google Scholar suka biyo baya a 2004. Waɗannan rumbuna suna yanka layinka gunduwa-gunduwa, suna, shekara, kundi, shafin farko, su gwada da abin da suke da shi. In ka rubuta 2009 a maimakon 2006, ko ka juya lambar kundi, haɗin yana iya ƙin yiwuwa, wanda ka ci moriyar aikinsa ya rasa ƙirge guda. Tunda da irin wannan ƙirge ake auna mujallu, ake kuma duba masu neman ƙarin girma da tallafin bincike, kuskurenka na buga lamba haƙƙin wani ne ya salwanta.

DOI ya rage wannan ciwo sosai. Lamba ce da take farawa da 10 da aya, sai lambar mai rajista, sai karan tsaye mai karkata, sai abin da mawallafi ya ba maƙalar. Crossref, ƙungiyar da mawallafa suka kafa wadda ta fara aiki a 2000, ita take rajistar yawancin na mujallu. Hikimar ita ce lambar ba ta nuna inda maƙala take zaune, tana nuna maƙalar ce kanta. In mujalla ta koma hannun wani kamfani, mawallafi ya sabunta adireshin a rumbu, lambar tana nan yadda take. Adireshin intanet na yau da kullum ba shi da wannan alkawari. Wani bincike da Jonathan Zittrain da abokan aikinsa suka yi a Harvard ya gano cewa kimanin rabin adireshin da aka ambata a hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da aka yi nufi. Saboda haka in abu yana da DOI, shi za ka ba da. Kuma ka latsa shi ka ga inda ya sauke ka kafin ka tura, domin harafi ɗaya da ya ɓace wajen kwafi yana iya kai mai karatu ga maƙalar wani dabam.

Manhajojin tsara manazarta sun ɗauke yawancin wahalar hannu. Masu lissafi da fiziks suna da BibTeX tun tsakiyar shekarun 1980, sauran jama'a suna da EndNote da Mendeley da Zotero, wadda ta fito a 2006 kyauta. Da latsawa ɗaya maƙala ta tashi daga APA ta koma Vancouver, lambobi su jeru da kansu. Duk mai rubuta wa mujalla fiye da ɗaya ya ƙi amfani da su, kansa yake zalunta. Sai dai manhaja abin da aka zuba mata take fitarwa. Ta ɗauko take duk da manyan baƙaƙe, haka za ta ajiye shi. Ta ga sunan hukuma mai kalma uku, sai ta ɗauka mutum ne, ta mai da kalmar ƙarshe sunan dangi ta taƙaita sauran zuwa haruffa biyu. Ta ɗauki ranar da maƙala ta fara hawa intanet a madadin shekarar kundinta. Ta shigar da babin littafi a matsayin maƙalar mujalla, sunan editan littafin ya ɓace. Gyaran a cikin rumbun manhajar ake yin sa, ba a kan takarda ba, in ba haka ba da zarar ta sabunta jerin kuskuren ya dawo.

Duk wannan gyaran fuska ne in aka kwatanta da babbar cutar, wato ambaton abin da ba a karanta ba. Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles sun bi wata dabara mai ban sha'awa a farkon shekarun 2000. Sun ɗauki wata shahararriyar maƙalar fiziks da aka ambata kusan sau 4,300, suka tattara kurakuran da aka yi wajen rubuta madogararta. Kurakurai 196 suka samu, amma iri 45 ne kawai, wani kuskuren lambar shafi guda ɗaya ya maimaitu sau 78. Mutum 78 ba za su yi tuntuɓe ɗaya a kan lamba ɗaya bisa tsautsayi ba, kwafa suka yi daga juna. Daga nan suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 20 cikin 100 ne kawai na masu ambato suke karanta asalin. Ni ina ganin ƙiyasin ya ɗan yi tsauri, domin mutum yana iya karanta maƙala sannan ya kwafi madogararta daga wani wuri don lalaci. Amma ko an ninka adadin sau biyu, labarin bai yi daɗi ba.

In ana son ganin inda irin wannan yake kaiwa, a dubi wata wasiƙa mai jimla biyar da Jane Porter da Hershel Jick suka aika wa mujallar New England Journal of Medicine a 1980. Sun ce a cikin majinyata 11,882 da ke kwance a asibiti waɗanda aka ba magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, dangin ofiyom, huɗu ne kawai aka tabbatar sun kamu da jarabar maganin cikin waɗanda ba su da tarihin haka. Majinyata ne na kwance, a ƙarƙashin idon likita. Wasiƙar ba ta ce komai ba game da wanda aka sallama da kwalbar ƙwayoyi ya yi ta sha wata da watanni a gida. Amma da aka fara tallata irin waɗannan magunguna ga masu ciwo mai daɗewa a Amurka, sai wasiƙar ta zama hujjar cewa jaraba ba abin tsoro ba ce. A 2017 wasu masu bincike suka bi ambato 608 da aka yi mata, suka tarar kashi 72 cikin 100 sun kawo ta a matsayin shaidar cewa jaraba ba kasafai take faruwa ba, kusan kashi 81 kuma ba su ma ambaci cewa majinyatan na kwance ba ne. Mujallar ta liƙa gargaɗi a kan wasiƙar a wannan shekara. Babu mai duba tsari da zai kama irin wannan, domin madogarar akwai ta, ana samunta, shafinta daidai. A tambaya ta uku aka faɗi, wato ko madogarar ta faɗi abin da aka ce ta faɗa.

Tsare-tsaren sun tanadi mafita ga wanda bai samu asali ba: ka faɗi gaskiya cewa maganar Wane ce kamar yadda Wance ta kawo ta, ka sa Wance a jeri tunda ita ka karanta. Marubuta da yawa suna gudun wannan don kada a ce ba su yi zurfi ba. Ni kuwa in na ga irin wannan layi a maƙala, yarda da marubucin ce take ƙaruwa. Haka batun lambar shafi. Dole ce in an ɗauko magana kalma da kalma, amma ko a fassarar ma'ana, ambaton littafi mai shafi 600 ba tare da nuna wuri ba kamar ce wa mai karatu ne je ka nema. Ƙa'ida ta yarje maka, ladabi bai yarje ba.

Akwai sababbin abubuwa biyu da ya kamata a duba kafin turawa. Na farko ko an janye maƙalar da ka dogara da ita. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 wadda ta danganta rigakafin ƙyanda da matsalar ƙwaƙwalwar yara, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma an ci gaba da ambatonta. Ambaton janyayyar maƙala ba haramun ba ne in ita ce abin tattaunawa, sai dai dole a faɗa cewa an janye ta. Retraction Watch, wadda aka kafa a 2010, tana da rumbun irin waɗannan, Crossref ta karɓe shi ta buɗe wa kowa a 2023, Zotero kuma tana ɗaga jar alama in ɗaya ya shigo rumbunka. Na biyu manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka ƙware wajen haɗa sunan masani na gaske da mujalla ta gaske da taken da bai taɓa wanzuwa ba, cikin tsarin APA marar aibi. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in ƙarya da ChatGPT ya ƙirƙiro musu. Madogarar da ba ka buɗe ta da hannunka ba, ba ta shiga jeri, ko daga ina ta fito.

Ba marubuta kaɗai ke da laifi ba. Ma'aunin tasirin mujalla ana lissafa shi ne daga yawan ambaton da maƙalunta na shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana, don haka edita yana da kwaɗayin a ambaci mujallarsa. Wani bincike da Allen Wilhite da Eric Fong suka buga a mujallar Science a 2012 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na malaman da suka amsa tambayoyinsu, a fannonin tattalin arziki da kasuwanci da zamantakewa da halayya, an taɓa matsa musu su ƙara ambaton mujallar da suka tura wa aiki ba tare da an nuna musu wani giɓi a hujjarsu ba. Mai bita ma yakan turo jerin maƙalu biyar da ya ce lallai a duba, duk na mutum ɗaya. Hanyar da ta fi ita ce ka karanta su, ka ɗauki wadda ta shafi aikin da gaske, sauran ka rubuta wa edita cikin ladabi dalilin da ya sa ba su da gurbi.

Ƙorafin da masu bincike suke yi cewa ana ɓata musu lokaci yana kan gaskiya. Mujalla ta ƙi maƙala ba tare da ta kai ga masu bita ba, ka sake tsara komai don ta gaba, ita ma ta ƙi. Shi ya sa mujallu da yawa yanzu suke karɓar turawar farko da kowane tsari, muddin ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe kuma bayanin ya cika, sai an amince da aikin sannan a nemi tsarin gida. Inda ba a yi wannan sassauci ba, jagorar marubuta ta mujallar ita ce alƙali, tana gaba da littafin APA ko na Chicago in sun saɓa. In jagorar ta yi shiru a kan wani abu, kamar yadda ake ambaton rumbun alƙaluma ko maƙalar da aka ɗora a intanet kafin bita, ka buɗe fitowar mujallar ta baya-bayan nan ka ga yadda suka yi. Bayan an amince kuma akwai zagaye ɗaya da ya rage, lokacin da za a turo maka shafukan gwaji da tambayoyin mai gyaran rubutu a gefe: wannan sunan yana cikin rubutu ba ya jeri, wannan 2018 ne a shafi na huɗu 2019 a ƙarshe, wanne ne daidai? Yawanci kwana biyu ko uku ake bayarwa a amsa, kuma a wannan mataki ba a yarda a sake gina jimla ko a ƙaro sabuwar hujja, gyaran kuskure kawai ake karɓa.